Lambar QR ɗaya, koko da safe, tuwo da dare: yadda ake sa ta bi lokaci

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a Aboabo, Kumasi, da ke kula da wurin abincin gwaggonsa. Da asuba suna sayar da koko da ƙosai da masa, daga hantsi shinkafa da wake, da dare kuma tuwon zafi. Yana so ya buga lambar QR guda ɗaya a allon shago da jikin ledojin da suke ƙulla abinci, yadda wanda ya haska ta da safe zai ga abincin safe, wanda ya haska da dare ya ga na dare, in azumi ya kama kuma tsarin ya sauya gaba ɗaya. Ya ce shin hakan zai yiwu ba tare da an riƙa sake bugawa ba, kuma nawa zai ci?

Zai yiwu, ƙanena, kuma ba sai ka yi karatun kwamfuta mai zurfi ba. Na yi wa masu shaguna irin wannan aiki a garin nan, daga teloli a Alabar har masu kayan waya a Adum, kuma na lura ramukan da ake faɗawa ba su da yawa, sai dai kusan kowa cikinsu yake faɗawa. Bari mu bi su tun kafin ka kai ko sidi ɗaya wurin masu buga takardu a Asafo.

Lambar QR ba ta da agogo a cikinta. Ba ta san safe ba, ba ta san Juma'a ba, balle Ramadan. Rubutu ce kawai da aka mayar ɗigo-ɗigon baƙi da fari. Wani injiniya mai suna Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso na Japan ne suka ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta, kuma tun daga ranar har yau ɗabi'arta ɗaya ce: abin da aka zuba mata ranar bugawa, shi za ta riƙa faɗa har takardar ta yage. To ta yaya ake cewa tana sauyawa? Abin da ake zuba mata gajeren adireshin intanet ne, shi ma ba ya sauyawa. Ka ɗauke shi kamar ƙofar zaure. Duk wanda ya haska lambar, wayarsa ƙofar nan take zuwa ta yi sallama. A zauren akwai mai gadi da agogo a hannunsa da takardar umarni a aljihu. Ya duba agogo, ya duba takarda, ya ce wa baƙo ya shiga ɗakin koko ko ɗakin tuwo. Mai gadin nan 'yar manhaja ce da ke zaune a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka a intanet. Duk dabarar a wurinsa take. Lambar ita dai nuna ƙofa ne aikinta.

Da zarar ka gane wannan, tambayar da ta fi kowace nauyi za ta fito maka da kanta: zauren na waye?

A nan ne na fi ganin mutane suna asara, shi ya sa zan daɗe a kai. Shafukan da ke yin lambar QR a intanet suna da yawa, kuma da dama cikinsu za su ba ka lamba mai sauyawa nan take, ba ka biya komai ba. Abin da ba ka lura ba shi ne adireshin da suka zuba a ciki nasu ne, da sunan kamfaninsu. Wata baiwar Allah mai ɗinki ta taɓa kira na ana saura 'yan kwanaki Sallah. Na same ta zaune a bakin keke, kwalayen ledoji da aka buga mata jibge a ƙarƙashin teburin yanka, ta miƙo min waya ba ta ce komai ba. Na haska ledar. Maimakon hotunan ɗinkinta, sai ga shafi da Turanci yana cewa lokacin gwaji ya ƙare, mai lambar ya biya kuɗi. Ɗanta ne ya yi mata lambar, ya ga an rubuta kyauta, bai san kyautar ta 'yan kwanaki ba ce. Ledojin sun riga sun shiga gidajen mutane. Babu abin da zan iya gyarawa, domin ƙofar ba tata ba ce. Haka ta riƙa biyan kuɗin wata-wata da dala har ledojin suka ƙare. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke rufe ƙofa ba: Google ma ya daina ba da sababbin gajerun adireshi na goo.gl tun 2019.

Don haka shawarata ita ce ka fara da sayen sunan shafi naka na kanka. Sunan da ya ƙare da .com yakan kama dala goma da 'yan kai a shekara. Ka zaɓi gajere, wanda gwaggo za ta iya faɗa wa mutum da baki ya riƙe. A yi rajistarsa da sunan mai shagon da imel ɗin da ku ke riƙe da shi, ba na yaron da ya taya ku aikin ba, ko da kuwa ɗan gida ne. Yara suna tafiya makaranta, suna tafiya Akara neman aiki, suna canza layi. Wannan sunan shi za a zuba a lambar. In ka yi haka, ko ka yi hayar mai gadi daga wani kamfani yau ka sallame shi gobe, ledojinka ba su mutu ba.

Shi mai gadin, hanya biyu ake samunsa. Akwai kamfanonin da ke sayar da wannan hidima, ka shiga ka cike jadawali da yatsa ba tare da rubuta komai ba. In nan za ka bi, ka tabbatar da abu uku tun kafin ka sa katinka: suna yarda ka ɗora sunan shafinka a kai, ko dole sai nasu? Me ke faruwa da lambar ranar da ka daina biya? Akwai iyakar yawan haskawa a wata? Yawancinsu sukan ajiye jadawalin lokaci da amfani da sunanka a matakin da ya fi tsada, sai ka duba da kyau. Hanya ta biyu, wadda na fi so wa shago irin naku, ita ce wani da ya iya ya rubuta muku 'yar manhajar. Layuka ne da ba su fi talatin zuwa arba'in ba. Kamfanin Cloudflare, alal misali, yana barin irin wannan ƙaramar manhaja ta amsa buƙata har 100,000 a rana kyauta, adadin da wurin abinci a Aboabo ba zai kusance shi ba. Wanda ke da shafin WordPress ma ana iya yi masa a can. Ka ga kuɗinka ya tsaya a sunan shafi sau ɗaya a shekara, da ladan wanda ya yi aikin, da kuɗin bugawa.

In ka ba wani aikin, ka faɗa masa wannan magana ko da ba ka gane ta sosai ba: turawar ta zama ta 302, ba 301 ba. Idan saba za ta tura waya wani wuri, tana haɗawa da lamba mai bayyana irin turawar. Ma'anar 301 ita ce an tashi daga nan har abada. Burauza, wato manhajar da waya ke buɗe shafukan intanet da ita, in ta ji haka sai ta haddace, gobe ba za ta sake biyowa ta zaure ba, kai tsaye za ta wuce ɗakin da aka nuna mata jiya. Ita kuwa 302 tana nufin yanzu dai ga inda za ki, amma ki dawo ki sake tambaya. Na yi wannan kuskure a farkon fara aikina, a wani gidan burodi. Na gwada da wayata da safe, komai lafiya. Da yamma mai gidan ya kira ni rai a ɓace, ya ce shafin safe yake gani. Na ɗauki wayar wani yaro da bai taɓa haskawa ba, ta nuna na yamma daidai. Wato masu zuwa kullum, waɗanda su ne jarin shagon, su ne abin ya lalace wa, baƙi kuwa suna ganin daidai. Kuma gyara a saba ba ya goge abin da wayoyin mutane suka riga suka haddace. Ka ce masa kuma ya sa umarnin hana burauza ajiye amsar. Wanda ya san aikin zai gane.

Sai maganar wane agogo mai gadin zai duba. Mu a Gana mun huta ta wani ɓangare: agogonmu GMT ne duk shekara, ba ma matsar da shi gaba ko baya, kuma sabobi da yawa a kan wannan lokacin suke tun asali. Amma akwai tarko. Mutum zai buɗe jerin garuruwa ya ga Landan an rubuta GMT a gefenta, ya ce ai ɗaya ne, ya zaɓa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana matsar da agogonta gaba da awa ɗaya. Ranar nan kokon gwaggo zai ɓace daga shafi awa guda kafin lokaci, ku rasa dalili. Ka nemi Akara a jerin, ko ka zaɓi UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya da ya yi daidai da namu duk shekara. In kuma wanda ya yi muku aikin yana Kano ne ko Yamai, ka tuna su suna gaba da mu da awa ɗaya, kada ya saita da agogon hannunsa.

Wasu manhajojin suna ba ka zaɓi tsakanin lokacin shago da lokacin wayar mai haskawa. Kai naka na shago ne, ba tantama. Ka ɗauka wani ɗan Zango da ke Bronx a birnin New York ya tashi ƙarfe 7 na safe, yana so a kai wa mahaifiyarsa abinci a Asawase. A nan rana ta yi, 11 ko 12 gwargwadon watan da ake ciki. In an bi agogonsa, koko zai gani, alhali an daɗe da wanke tukunyar. Ban da haka, wayoyi nawa ne a unguwar nan agogonsu ba daidai ba?

Yanzu jadawalin kansa. A takarda abin da sauƙi: 5:30 zuwa 10:30 na safe, 10:30 zuwa 4:00 na wake, 4:00 zuwa 10:00 na dare tuwo. Amma kafin ka rubuta ko awa ɗaya, ka ware mako guda ka zauna kusa da gwaggo da biro. Ka rubuta lokacin da aka sauke tukunya da lokacin da aka kankare gindinta, kullum. Za ka ga wake ba ya bin agogo. Ranar Asabar zai iya ƙarewa kafin azahar, ranar ruwa ya kai la'asar. Mutumin da ya ga shinkafa da wake da taliya da shito a wayarsa, ya hau pragya, keken haya mai taya uku, tun daga Sawaba ya zo aka ce ya ƙare, ba lambar zai zarga ba, ku zai zarga. Allon alli ba ya jawo wannan, domin mai karanta shi yana tsaye a gaban tukunya. Lambar da ke jikin leda kuwa ana haska ta a gida, a ofis, a cikin trotro. Alkawari take ɗauka a madadinku ga wanda ba ya ganin tukunyar.

Shi ya sa nake cewa jadawali kaɗai bai isa ba, sai an haɗa masa makunni na hannu. Wuri ɗaya mai sauƙi a wayarka, ko ta yarinyar da ke zuba abinci, inda za a taɓa a ce wake ya ƙare, shafin ya rubuta haka nan take ya nuna abin da ke tafe da lokacinsa. Na taɓa yin wannan da teburin Google Sheets kawai: gida ɗaya, in an rubuta “e” abincin yana nan, in an rubuta “a'a” ya ƙare. In aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin jadawali da makunnin nan, makunnin zan ɗauka.

Akwai abubuwa guda biyu da ke rikita mai gadi: giɓi da karo. Giɓi shi ne lokacin da babu umarni, kamar tsakanin 10:00 na dare da asuba. Dole a samu shafin da ake komawa in ba dokar da ta dace, kuma shi za ka fara yi kafin sauran: sunan shago, kwatancen wuri, lokutan buɗewa, da maɓallin WhatsApp. Ka kuma kula da dokar da ta tsallaka tsakar dare. In ka rubuta daga 10:00 na dare zuwa 5:30 na asuba a layi ɗaya, wasu manhajojin za su ga farkon ya fi ƙarshen girma su watsar da ita. Raba ta biyu ya fi aminci, ɗaya ta tsaya a 11:59, ɗaya ta tashi daga 12:00. Karo kuma shi ne dokoki biyu su faɗo lokaci guda. Ranar Juma'a ƙarfe 1:00, dokar kullum ta ce wake, dokar Juma'a ta ce an tafi masallaci. Wa za a bi? Ka jera su bisa girma: makunnin hannu a sama da kowa, sai ranaku na musamman, sai ranakun mako, sai na kullum a ƙasa.

Azumi shi ne inda manhajojin da aka yi a ƙasashen waje ba za su taimake ka ba, domin sun ɗauka kowace rana ta musamman tana da kwanan wata tsayayye. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka Ramadan yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. In ka sa dokar ta maimaita kanta shekara-shekara, baɗi za ta makara. Sannan ko a bana ma ba ka da tabbacin ranar sai an ji sanarwar ganin wata daga ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, kuma da dare take zuwa. Abin yi shi ne ka shirya jadawalin azumi cikakke tun a Sha'aban, ka ajiye shi a kashe: sahur, sa'annan shafin karɓar odar buɗa-baki da rana, sa'annan koko da ƙosai da masa su koma yamma, tuwo bayan tarawi. Daren da aka ce an ga wata, ka kunna da hannunka. Daren Sallah ka kashe da hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren farko na azumi ba daren da za ka zauna kana rubuta farashi ba ne. Magariba a Kumasi ba ta yawo sosai, tsakanin shida saura ne da shida da rabi duk shekara, saboda haka ba sai ka haɗa shafin da lissafin faɗuwar rana ba. Ka buɗe shafin buɗa-baki tun 4:00, ya wadatar.

(Masu sana'a a wajen fadar Sarkin Asante da ke Manhyia suna da irin wannan matsala da bikin gargajiya na Akwasidae, wanda ke zagayowa duk kwana 42. Lahadi ce, amma ba kowace Lahadi ba, kuma manhajar da ta san mako da wata kawai ba ta iya ƙirga shi. Da hannu ake shigar da ranakun.)

Yanzu bari in faɗa maka abin da zan yi da shagon nawa ne, domin ya ɗan saɓa da yadda ka yi tambayar. Ba zan tura mutane shafuka uku dabam-dabam ba. Zan yi shafi ɗaya, adireshi ɗaya, wanda ke sauya abin da ke samansa bisa lokaci. Ga dalili. Mace ta haska lambar da safe, aka tura ta shafin koko, ya burge ta, ta tura wa 'yan'uwanta a WhatsApp. Abin da ta kwafa adireshin ɗakin koko ne, ba na zaure ba. Duk wanda ya taɓa shi da dare koko zai gani, domin bai bi ta wurin mai gadi ba. A Zango kuwa ka san abu da turawa yake yaɗuwa, waɗanda za su samu adireshin ta hannun wani sun fi waɗanda za su haska leda yawa. Shafi ɗaya yana kashe wannan matsala. Yana kuma ba mutum damar ganin abin da bai zo ba tukuna: wanda ya duba da safe yana so ya san ko akwai tuwo da miyar ayoyo yau da dare, sai ya gangara ƙasa ya gani. Abin da ke kan wuta a sama da manyan haruffa, sauran a ƙasa da lokutansu. Turawa zuwa wurare dabam tana da amfani ne in wuraren da gaske dabam suke, kamar taron da kafin ranarsa ake nuna fom ɗin rajista, ranar a nuna bidiyon kai tsaye a YouTube, bayansa a nuna hotuna. Ko wanne ka zaɓa, ka rubuta a saman shafin cewa wannan na safe ne, har 10:30, saboda wanda ya bar shi a buɗe ya dawo bayan awa biyu.

Shafin ya zama mara nauyi. Kada ka ɗora PDF, kada ka ɗora hoton da ka ɗauka kai tsaye ba a rage shi ba. Data kuɗi ce, kuma wanda ya jira daƙiƙa goma bai ga komai ba zai mayar da waya aljihu. Hoto ƙarami ga kowane abinci, suna, farashi da manyan alƙaluma, yadda wanda bai iya karatun boko ba ma zai gane. Kuma kada ku sauke allon alli. Dattawan da ke riƙe da ƙaramar waya mai maɓalli su ne suka fara cin tuwon gwaggo tun kafin a san QR.

Abu ɗaya da ba za ka taɓa ɗora wa jadawali ba shi ne lambar biyan kuɗi. Lambar biyan kuɗi ta GhQR, wadda GhIPSS, kamfanin da ke kula da hanyoyin biyan kuɗi tsakanin bankunan Gana, ya fito da ita a 2020, ko ta MoMo da aka ba shagon, daga banki ko kamfanin waya take fitowa, kuma yadda aka ba ku haka za ta tsaya. Kada ka ce da safe lambar abinci ta kai mutum asusun wannan, da dare ta kai shi na wancan. In ka saba wa mutane da cewa inda kuɗi ke tafiya yana sauyawa, ranar da ɓarawo ya manna sitikarsa a kan taku ba wanda zai yi shakka. Ka raba su nesa da juna, ta kuɗi a kusa da mai karɓar kuɗi inda ido ke kanta, ta abinci a allo. A ƙarƙashin ta abincin ka rubuta sunan shafinku ƙarara, don mai haskawa ya gwada da abin da wayarsa ta nuna kafin ya taɓa, wanda kyamararsa ba ta karantawa kuma ya rubuta da hannu. In wata rana ka fara karɓar sunaye da lambobin wayar mutane ta shafin, ka sani dokar kare bayanan mutane ta 2012, Doka ta 843, ta hau kanka, sai ka karɓi abin da oda ke buƙata kawai.

Maganar bugawa gajeriya ce. Gajeren adireshi yana ba da lamba mai manyan ɗigo, mai saurin karantuwa. Adireshin da bai wuce haruffa 32 ba yana shiga lamba mai gida 29 a tsaye 29 a kwance, ko da an sa ta a matakin kariya na Q, wanda ke jure lalacewar kusan kashi 25 cikin ɗari. A wurin da akwai turiri da mai da hannuwa, wannan matakin nake zaɓa. Baƙi a kan fari, a bar farin fili kewaye da ita mai faɗin gida huɗu, kada mai zane ya cusa hoton kaza a wurin. Girmanta ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nisan da za a tsaya: in daga mita biyu za a haska allo, ta kai santimita 20. A leda kuwa kada ta gaza santimita 3, kuma a sa ta inda ƙulli ba zai murɗe ta ba. Sitika mara sheƙi ta fi, domin mai sheƙi tana mayar da hasken kwan fitila da dare. Rubutun da ke gefenta ya zama wanda yake gaskiya kowane lokaci, kamar “Duba abin da ke kan wuta yanzu”. In ka buga farashi ko sunan abincin safe a jikinta, ka ɗaure abin da kake so ya saku.

Wata 'yar dabara da ba ta cin komai: ka ba allo da leda adireshi mabambanta da harafi ɗaya a ƙarshe, dukansu su kai shafi guda. Bayan wata ɗaya za ka ga ta ina aka fi shigowa da kuma ƙarfe nawa. In ka ga ana yawan haska leda wajen 9:00 na safe, mutane ne ke tambayar ko wake ya sauka, kuma wannan labari ne da gwaggo za ta so ji.

Ranar da za ka je Asafo, ka ce a fara buga maka guda ɗaya tak a kan ainihin ledar da ainihin sitikar. Ka kawo su shago ka manna, ka bar su kwana bakwai cur, har da Juma'a. Ka gwada da iPhone, ka gwada da tsohuwar Tecno ko Itel mai fasasshen gilashi, domin wasunsu sai an bi ta Google Lens suke karantawa. Ka haska minti ɗaya kafin kowane sauyi da minti ɗaya bayansa, da waya guda, don ka kama matsalar haddacewa. Ka tashi ƙarfe 12 da 'yan mintuna na dare ka haska sau ɗaya. Ka kunna jadawalin azumi na awa guda ka ga ya danne na kullum, ka kashe ka ga na kullum ya dawo. Ka bar yarinyar da ke zuba abinci ta taɓa makunnin “ya ƙare” da kanta, kana gefe ba ka sa baki ba. In duk sun wuce, sai ka koma ka ba da odar sauran, ka kuma rubuta ranar sabunta sunan shafin a bangon littafin bashin gwaggo, inda ake buɗewa kullum.